Daɓen Ɗakin Inna

Ɗakin Inna ya faɗi ne a tsakiyar damina, da hantsi, tana tsakar gida a bakin murhu tana gasa masara. Ta waiga ta dubi bangon da ya kwanta a kan gadonta, ta ce innalillahi a hankali, ta juya masararta. Ni ne na yi ihu. Ni da furfurata a gemu, malamin firamare da yara ke tsoro, na ƙwalla ƙara har maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar wa ya mutu.

Washegari ƙanwata Tahira ta zo daga Bici a motar mijinta, Alhaji Basiru, ta tafi da ita. Wai kafin a gyara.

Duk wanda ya san garinmu, Unguwar Jaji, nan gefen Ɗanbatta, ya san abin da wannan ke nufi. Tsohuwa tana da 'ya'ya maza biyu a raye, kuma tana zaune a gidan suruki tana cin tuwonsa. Ba wanda zai ce maka ka yi abin kunya. Sai dai a bakin masallaci mutum ya riƙe hannunka ya ƙi saki, ya ce, "Malam Sha'aban, ya Inna? Tana can Bicin dai ko? To, madalla. Ai Alhaji Basiru mutumin kirki ne." Yana faɗa yana kallon gefen hularka.

Don haka babu abin da nake so a duniya a lokacin kamar in ga Inna ta dawo gidan nan.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa tun da wuri. Ni ne ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, kuma ba ta taɓa dubana ta yi mini magana kai tsaye ba. Idan na gaishe ta, bango take amsa wa. Idan tana da saƙo gare ni, sai ta ce wa matata Furera, "A gaya wa mutumin nan rufin akurki ya yaye," ni kuwa ina tsaye a wurin da buta a hannu. Haka iyayenmu suka tashi, kunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma autanmu Abdulkabir, wanda ke shagon sayar da tayil a wajen Ungogo, shi a kan tabarmarta yake kwanciya ya miƙe ƙafa, ya ci goronta, ya ce mata ta tsufa. Ta yi dariya ta jefe shi da mafici. Na daɗe da daina jin haushin wannan. Aƙalla haka nake gaya wa kaina.

Bayan kaka muka tayar da ɗaki na bulo. Ni na yi gini, Abdulkabir ya yi rufin kwano. Muka yi shafe, aka kafa ƙofa da taga. Duk wannan ya tafi lafiya saboda ba mu cika haɗuwa ba. Saura ƙasan ɗaki kawai, jar ƙasa ce da aka zuba aka baje, sai ga shi wata Asabar ya sauko daga adaidaita da wani abu a hammata kamar allo.

"Yaya, taɓa ka ji," ya ce.

Tayil ne fari fat, mai sheƙi. Na leƙa na ga fuskata a ciki, kuma ban ji daɗin ganinta ba.

"Wannan na mene ne?"

"Na ɗakin Inna mana. Ba ɗan Cana ba ne, mai kyaun ne. Ko zubar da manja aka yi, tsumma ɗaya ya isa."

"Tsohuwa mai ciwon gwiwa," na ce, "ta fito daga alwala ƙafa jiƙe ta taka wannan. Kai za ka goya ta zuwa wurin mai ɗori, ko waya za ka bugo daga Ungogo ka ce Allah ya sawwaƙe?"

"To me za a sa mata?"

"Siminti. A shafe shi sumul, a shimfiɗa leda a kai. Abin da kowa ke yi."

Ya yi wata dariya ta hanci wadda na tsana tun yana yaro. "Irin na ajinku? Wanda yara ke zama cikin ramuka kamar kaji a bazara? Yaya, kai komai naka sai ya zama na lallaɓawa. Keke na lallaɓawa, rufi na lallaɓawa. Uwar taka ma lallaɓa ta za ka yi?"

"Ni da nake zaune da ita. Kai sai da salla kake tuna hanyar garin nan, ka zo da lemon kwalba ka ɗauki hoto."

"Kana zaune da ita ɗaki ya faɗo a kan gadonta."

Wannan ta shige ni. Na ce masa ya ɗauki madubinsa ya fitar mini da shi daga gida. Ya ce gidan Baba ne, ba nawa ba. Furera ta leƙo daga madafa ta ce abinci ya sauka, ba wanda ya kula ta.

Sai ya ciro waya ya ce bari a tambayi mai ɗakin. Ya buɗe murya yadda zan ji. Tahira ta kai wa Inna.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe," ya ce, "tayil kike so a ɗakinki, ko siminti irin na gidan kaji?"

Ina jin kukan akuya daga can Bici. Inna ta san ina wurin, don ta ji tarina.

"Duk abin da kuka yi daidai ne," ta ce. "Allah ya yi muku albarka."

Ya kashe waya ya ce, "Ka ji ko? Tayil." Ni kuma na ce, "Ka dai ji. Siminti." Ya tafi bai ci abincin ba.

Cikin makon nan Gwaggo Zara ta shigo. Ƙanwar mahaifinmu ce, kuma aminiyar Inna tun suna amare. Ita ba ta jin kunyar kowa, ni kuwa ta yi mini wanka ina jariri kuma ba ta bari na manta ba. Ta same ni a gindin darbejiya ina duba littattafan yara. Ta zauna a kan turmi ba tare da na ce ta zauna ba.

"Uwarka ta kira ni," ta ce.

"Lafiya dai?"

"Ta tambaye ni ko ɗorawa ta nuna bana. Ta kuma tambaye ni ko madaɓina yana nan ko gara ta cinye."

"To?"

"To me? Kai wane irin malami ne? Mace ta tambayi ɗorawa, ta tambayi madaɓi, kana jiran ta rubuto maka a allo? Daɓe take so."

Na ajiye jan biro. Daɓe na sani, na tashi a kansa. A zuba jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta na itace, su yi ta duka suna waƙa tun safe har ƙasa ta haɗe ta yi tauri. Sannan a riƙa shafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ta yi duhu tana ƙyalli. Rabona da in ga an yi shi a garin nan, na manta.

"Gwaggo, ɗakin bulo da kwano, sannan a yi masa daɓe? Me mutane za su ce?"

"Me suke cewa yanzu?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Saurara, Sha'aban," ta ce. "Randarta a ƙasa take binne gindinta, shi ya sa ruwanta ke sanyi. A ina za ta binne ta a kan dutsen nan naku? Idan sanyin ƙashi ya tashi mata da asuba, ba ta iya taɓa ruwa, ƙasan ɗakinta take dafawa ta yi taimama. Wannan kai za ta gaya wa? Sannan duk unguwar nan babu gidan da ba ta durƙusa ta yi wa daɓe ba, tun ana kiran ta da goro har ta zama ita ke ba da waƙa. Tana so ta ga su ma sun durƙusa a nata tun tana da ido."

"A samo mata dutsen taimama. Randa kuma a yi mata kasko da yashi."

"Kai dai a samo maka hankali," in ji Gwaggo. Ta tashi, ta karkaɗe zani, ta ce wa Furera ta yi haƙuri da abin da Allah ya haɗa ta da shi.

Gaskiyar magana, ba randa ce ta dame ni ba. Abin da na hango shi ne Alhaji Basiru ya zo gaisuwa, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya taka ƙasa. Ya koma Bici ya ce ai malamin nan a turɓaya ya ajiye uwarsa. Na kira Abdulkabir na gaya masa abin da Gwaggo ta ce. Ya yi dariya har da tari, ni ma na taya shi. Tun rasuwar Baba, wannan ne abu na farko da muka yarda a kansa: ba za a yi daɓe ba.

Bayan 'yan kwanaki, ina aji ina fama da yara a kan jam'in suna, Furera ta kira.

"Malam, ka zo gida."

"Ina aiki."

"To ka zauna. Ƙaninka ma aikin yake yi."

Na bar yara da monita na hau keke. Tun daga nesa na hango a-kori-kura a ƙofar gida, an jibge kwalaye a zaure. A cikin ɗakin Inna wani mutum da ban sani ba yana durƙushe, yana zuba kwaɓi yana jera tayil, ya faro daga bangon gabas ya ci rabin ɗaki. Abdulkabir yana tsaye a kansa da hannu a aljihu.

"Tashi," na ce wa mutumin.

Ya dubi Abdulkabir.

"Ci gaba da aikinka," in ji Abdulkabir.

"Idan ka ƙara ɗora ko ɗaya, da shi zan raka ka bakin titi."

Mutumin ya ajiye cokalinsa. Da gani ya saba da gidajen gado. Ya fita ya zauna a inuwa ya kama cin gyaɗa.

"Ka jira na tafi makaranta ka shigo kamar ɓarawo," na ce.

"Ɓarawo ɗauka yake yi, ni kawowa na yi. Kai me ka kawo? Baki?"

"Ni na gina bangon da kake tsaye a ciki."

"Shi ya sa ya karkace. Sai da muka yi ta yanka tayil kafin ya zauna."

Ban san lokacin da na kama wuyan rigarsa ba. Shi ma ya kama tawa. Muka tsaya haka muna huci, kowa yana jiran a zo a raba, don dukanmu mun wuce shekarun dambe kuma mun sani. Furera ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Idan kun gama, ga ruwa can na ajiye muku." Muka saki juna. Ya kwashi mutuminsa suka tafi, ya ce zai dawo ya ƙarasa ko ina so ko ba na so. Na sayo kwaɗo na datse ɗakin, na sa makullin a aljihun wandona, da shi nake kwana.

A ƙarshen makon na kira magini ya zuba siminti a rabin da ya rage. Na tsaya a kansa ina ta ce masa ya ƙara yashi, kada a yi ɓarna. Da ya bushe na buɗe na duba. Tsagar da ta raba tayil da siminti ta taso tun daga dokin ƙofa har bangon ƙurya, dama fari mai sheƙi, hagu toka-toka, kuma ɓangarena ya fi nasa ƙasa da kamar yatsa biyu. Duk wanda ya shiga, ƙafa ɗaya tana birni, ɗaya tana ƙauye, yana tafiya yana ɗingishi. Na tsaya na kalla na ce a raina idan aka shimfiɗa leda ba mai ganewa. Furera ta leƙa ta bayan kafaɗata, ta koma ta ci gaba da tankaɗe. Da ta zage ni ma da ya fi sauƙi.

Sai ga wayar Tahira.

"Yaya, Alhaji ya sa an share wa Inna ɗakin da ke kusa da nawa. An saka fanka. Ya ce ta zauna kawai, me za ta koma yi."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce a kawo ta ta ga ɗakin nata tukuna. Ranar Asabar za mu zo, da kayanta a bayan mota. Idan ya yi mata, a sauke. Idan bai yi ba, mu juyo, kuma ba zan sake wahalar da ita a hanya ba. Maza biyu, tun damina, ɗaki ɗaya ya gagare ku."

"Ki iya bakinki, Tahira."

"Na iya. Shi ya sa ban faɗi sauran ba."

Ranar Asabar, rana ta take sosai, ga zafin bazara. Abdulkabir ya riga su isowa, da sabuwar shadda, bai gaishe ni ba. Da ya leƙa ta taga ya ga abin da na yi wa sauran rabin, sai ya riƙe ƙugu ya yi ta kallo, ya ce, "Allah ya isa," a hankali, kamar mai addu'a. Kafin in ba shi amsa muka ji ƙarar mota.

Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, ana ta sannu da zuwa. Inna ta yi ƙiba kaɗan a Bici, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa turmi. Ta dogara sandarta har bakin ɗakin, Tahira na riƙe da gwiwar hannunta. Na buɗe kwaɗo.

Ba ta shiga ba. Ta miƙa sanda ta ƙwanƙwasa tayil, ya ce ƙwas. Ta ƙwanƙwasa siminti, ya amsa da wata murya kamar ta tulun da ya tsage. Ta bi tsagar nan da ido tun daga ƙafarta har ƙurya.

"An sha aiki," ta ce. "Allah ya yi albarka. Tahira, mu kama hanya kada la'asar ta same mu."

Ta juya. Abdulkabir ya bi ta yana cewa, "Inna, tsaya mana, kwana ɗaya ya isa a gyara," ba ta ko jefe shi da wasa ba. Ta wuce zaure, ta shiga mota, aka rufe ƙofa. Gwaggo Zara ta bi ta.

Abdulkabir ya dawo idonsa ja.

"Ka ga abin da ka yi? Ka kore ta. Ka zuba mata toka a ɗaki."

"Madubinka ta gani ta tsorata. Tana tsammanin rijiya ce."

"Wannan kake kira siminti?" Ya waiga, ya hango gudumar da magini ya bari a jikin bango. Ya ɗauka, ya shiga, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke a ɓangarena. Wuri ya fashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya ɗago wani ɓalli ya murtsuke shi da yatsu ya watsa mini a ƙafa. "Dubi! Yashi ne zalla! Ko gidan tururuwa ya fi wannan ƙwari!"

Akwai diga a bayan rumbu. Ban tuna na je na ɗauko ta ba, na dai tuna nauyinta a hannuna, da kuma yadda tayil na farko ya yi ƙara da ta sauka a tsakiyarsa. Zan faɗi gaskiya, na daɗe ban ji daɗin wani abu kamar wannan ƙarar ba.

"Yaya! Ka san abin da kake fasawa?"

"Ba ɗan Cana ba ne," na ce, na sake sauke masa.

Daga nan ba wanda ya ƙara magana mai ma'ana. Shi yana dukan nawa, ni ina saran nasa, mun juya wa juna baya a ɗaki ɗaya, ƙura ta turnuƙe. Idan ya ɓalle babba sai ya wurgo waje ya ce, "Ga aikin malam!" Ni ma in cusa bakin diga a ƙarƙashin kwaɓin in ɗaga, in ce, "Ga na birni!" Hulata ta faɗi ban ɗauka ba. Shaddarsa ta yage a hammata. Ina jin mata suna salati, wata tana cewa a kira liman, wata tana cewa a bar su, ai ba juna suke duka ba. Maza sun leƙo ta kan katanga. Nasa ya fi nawa wuya nesa ba kusa ba, wannan kam na yarda, don shi ya gama da ɓangarena ina tsakiyar nasa. Da ya rasa abin fasawa sai ya tsaya yana haki, yana kallon ina ƙarasa masa. Wani ɓallin tayil ya yanke ni a tafin hannu, ban ma ji ba sai da ƙotar diga ta fara santsi.

Muka tsaya. Babu sauran fari, babu sauran toka, sai tarkace da jar ƙasa tana leƙowa ta ko'ina. Sai a lokacin na tuna da mota, na ce a raina sun kai rabin hanyar Bici, na kori uwata kuma na rushe ɗakinta a rana ɗaya, a gaban duk unguwa.

Sai na ji ƙarar sanda a tsakar gida.

Ashe motar ba ta tashi ba. Tahira ta gaya wa Furera daga baya cewa direba ya tayar, Inna ta ji dukan farko ta ce a kashe. Tana zaune tana saurare, Gwaggo Zara na jingine da taga tana kawo mata rahoto.

Mata suka buɗa mata hanya. Ta zo bakin ƙofa, wannan karon ta ɗaga ƙafa ta shigo. Muka matsa jikin bango, ni da diga, shi da guduma, kamar ɓarayin da aka kama a rumbu. Ta ture wani ɓalli da sanda, ta caka sandar a ƙasa, ta murza. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗebo kaɗan ta shafa a tsakanin yatsu.

"Zara," ta ce, "ƙasar nan mai kyau ce. Daga ina aka ɗebo?"

"Kududdufin bayan makaranta."

"Na sani. A kwashe wannan shirgin, a ƙaro tsakuwa. Ki sa a jiƙa makuba yau. Ki gaya wa mata jibi." Ta ɗaga murya kaɗan. "Tahira, a sauko da kayan. Zan kwana wurin Furera kafin ya bushe."

Abdulkabir ya ce, "Inna, daɓe fa? A wannan zamanin?"

"Kai kuma je ka canja riga, hammatarka a waje."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya tana kallon bangon da ke kusa da kaina.

"A gaya wa mutumin nan ya ɗaure hannunsa," ta ce. "Yana ɓata mini ƙasa da jini."

Ni na kwashe tarkacen, da kwanon sarki, da hannu ɗaya da rabi. Abdulkabir ya koma Ungogo a ranar, bai yi mini sallama ba.

Ranar daɓe aka kore ni daga gidana tun da safe, don ba a yin sa da maza a tsaye. Na zauna a zaure. Mata suka yi ta wucewa ta gabana, tsofaffi da madaɓansu da suka yi baƙi don tsufa, matasa kuma da na aro, wasu ma ba su taɓa riƙewa ba. Kowace ta ce, "Malam, ya hannu?" ta wuce tana danne dariya. Furera ta dafa dambu a babbar tukunya. Can sai duka ya fara, tim, tim, tim, a tare, har ina ji a ƙirjina. Wata murya ta ɗauki waƙa, siririya, tana rawa kaɗan. Ban taɓa jin Inna tana waƙa ba, sai da na saurara sosai na gane ita ce.

Ɗaya ya kawo madubi ya shimfiɗa,
Ɗaya ya kawo toka ya kwaɓa,
Mai ɗaki tana mota tana jira,
Ku daɓa, mata, ku daɓa.

Suka amsa gaba ɗaya, da guɗa. Aka ƙara baiti a kan diga, aka ƙara a kan hammata. Gwaggo Zara ta sa wani a kan hulata wanda ba zan maimaita ba. Kafin mako ya zagayo, na shiga aji na tarar 'yan aji huɗu suna buga benci da shi. Na yi kamar ban san waƙar ba, na ce a buɗe shafi na gaba.

Da ɗakin ya bushe ya yi duhu yana ƙyalli, yana ƙamshin makuba, Inna ta sa aka haƙa gurbi a ƙurya aka zaunar da randarta, aka shigar da gado. Ta shimfiɗa buzunta. Alhaji Basiru ya zo gaisuwa, ya cire takalmi ya taka, ya ce rabonsa da jin sanyin ƙasa irin wannan tun gidan kakarsa. Ban san ko yabo ne ba. Na ce masa madalla.

Abdulkabir yana zuwa yanzu duk bayan mako biyu. Yana wuce ni a zaure ya ce "salamu alaikum" ga iska, ya shiga ya kwanta a daɓen ya miƙe ƙafa. Ya aiko Tahira ta gaya mini in mayar masa da sauran kwalayen tayil ɗinsa. Na ce ta gaya masa wanda ya kawo shi ke ɗauka. Ya ce ba zai taɓa su ba sai na ba shi haƙuri. Suna nan a zaure, na jera su biyu-biyu na ɗora buhu a kai. Tsayinsu ya yi daidai da zama, kuma bayana ya rage ciwo.